Dolfin a hannun masu jiyya

Dolfin dabba ce ta teku. Siffarta kamar ta kifi, amma ba kifi ba ce. Tana haihuwa, tana ba ɗanta nono, kamar ayun da ke cikin kogin Kwara. Tana shaƙar iska ta wata ƙofa da ke bisa kanta.

Wani lokaci ciwo ko rauni kan kama dolfin, igiyar ruwa ta jefo ta gaɓar teku. A bisa rairayi fatarta na bushewa, rana na ƙona ta, nauyin jikinta na danne huhunta. In mutane suka tsince ta da rai, sai su kai ta wani babban kwarmin ruwan gishiri inda ake jiyyar dabbobin teku. Jiyyar kan ɗauki watanni.

A cikin watan Disamba na shekara ta 2005, a jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, an tsinci wata ƴar dolfin mai wata biyu. Igiyar tarkon ƙaguwa ta ɗaure mata wutsiya har jini ya bar zuwa wurin. Wutsiyar ta mutu, ta faɗi. An sa mata suna Winta, an yi mata wutsiyar roba. Ta rayu har shekara ta 2021.

A lokacin doguwar jiyya, babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta da ake kira bakteri. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna shiga jikin dolfin ta hanya uku.

1. Ta miki. In ruwan kwarmin ya ƙazantu da kashi da sauran abinci, bakteri na yaɗuwa, su shiga mikin, ya yi ruwa.

2. Ta numfashi. Hancin mutum na da gashi mai tace ƙura. Dolfin ba ta da shi, ga shi tana jan iska da ƙarfi. Saboda haka ciwon huhu na kashe dolfin da yawa.

3. Ta abinci. Akwai wata bakteri mai zama bisa jikin kifi. In ta shiga jinin dolfin, tana iya kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wata dolfin kuma da ciwonta take zuwa. A shekara ta 1994 masana suka ba da labarin samun bakteri mai suna burusela a jikin dabbobin teku. Tana taɓa ƙwaƙwalwar dolfin har ta kasa iyo. Danginta ne ke sa shanu da awaki ɓari, su kuma kama mutumin da ya sha madarar da ba a tafasa ba.

Likitan dabbobi na ɗibar jini daga wutsiyar dolfin, ya tari numfashinta a ɗan faranti. Sai ya gane irin bakterin kafin ya zaɓi magani. Ana ɓoye maganin cikin kifi. In an daɗe ana ba da magani iri ɗaya barkatai, bakterin da suka tsira sai su hayayyafa, maganin ya daina ci. Don haka masu jiyya ke tace ruwa kullum, su ajiye kifi cikin sanyi, su sa safar hannu, su rufe hanci da baki. Dolfin da ta warke sarai, take iya kama kifi da kanta, ita ake mayarwa teku.

Abin tunawa: Tsabtar ruwa da ta abinci ita ce maganin farko.

Tambayoyi
1. Don me aka ce dolfin ba kifi ba ce?
2. Ta waɗanne hanyoyi bakteri ke shiga jikinta?
3. Me ke faruwa in an sha magani barkatai?
4. Don me ake tafasa madara kafin a sha?