Me ya sa jam'iyyunmu ke haɗewa tun kafin zaɓe?

Wani mai sauraronmu daga Ama Hausa a Inugu yana tambaya: me ya sa jam'iyyun Najeriya ke haɗewa kafin zaɓe, alhali a Jamus sai an ƙirga ƙuri'a ake kafa gwamnatin haɗin gwiwa?

To Malam, amsar tana cikin dokar zaɓe. A Jamus, jam'iyyar da ta kai kashi 5 cikin ɗari tana samun kujeru gwargwadon ƙuri'unta, don haka ƙarama ma tana da bakin ciniki bayan zaɓe. Mu kuwa, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, kuma shugaban ƙasa sai ya samu kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ya sa ƙuri'a miliyan 12 ba ta kai Buhari ko'ina ba a 2011, sai da jam'iyyarsa ta CPC ta narke cikin APC a 2013. Za ka ce ai jam'iyyun NPC da NCNC sun haɗu bayan zaɓen 1959. Haka ne, amma lokacin tsarin firaminista ake bi, mai rinjaye a majalisa ke kafa gwamnati. Yau ƙuri'ar mai sayar da albasa a Anacha ko Fatakwal tana cikin kashi 25 ɗin da ɗan takara ke nema a jihar Anambra ko Ribas.