Amsar Tambaya: Na'urar DVD Ta Ƙi Karanta Faifai

Tambaya: Malam, DVD ɗinmu ta fara ba mu wahala. Wataran ta ƙi karanta faifai, wataran fim ya riƙa maƙalewa ko ya fito babu kala. Ina mafita? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Hajiya, kada ki yi saurin kai ta wurin mai gyara, galibi matsalar ƙarama ce.

Fara da faifan. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, kada ki goga a kewaye, domin karcen da ya bi da'ira shi ya fi hana karatu. Idan kowane faifai ta ƙi, to wataƙila ƙura ce ta rufe idon da ke karantawa, musamman da hunturu. Ki nemi faifan goge ido a kasuwa. In bai yi ba, mai gyara ya share idon.

Rashin kala kuwa, duba wayoyi: rawaya ta hoto ce, ja da fara na sauti. In suna daidai, shiga saiti ki zaɓi PAL, tsarin talabijin na Nijeriya, domin NTSC na Amurka ne. Haka kuma faifan Amurka lambar yankinsa 1, tamu 5, wasu na'urori ba sa karɓarsa.

A ƙarshe, ki kashe na'urar kafin a tayar da janareta, ki lulluɓe ta bayan ta huce. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a dace.