Salansar Babur Ɗina Ta Hana Unguwa Barci

Tambaya: Na sa wa Bajaj ɗina salansar kasuwa. Da asuba nake fita ɗaukar rake zuwa Makarfi, maƙwabta sai ƙorafi suke. Yaya zan rage ƙarar? Daga wani mai karatu a Kudan.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da haƙƙin maƙwabta. Fara duba wuyan salansar, inda ta haɗu da inji. In ka ga baƙin hayaƙi ya taru a wurin, iska ce ke tsiyaya. A sauya gasket, a ɗaure noti.

In nan lafiya lau, to cikinta ne fayau. Wasu daga irin waɗannan salansa ba su da bututun nan mai huji-huji da ke karya ƙarfin sauti. Mai walda a Ikara ko Makarfi zai iya haɗa maka shi, a naɗe shi da audugar gilashi mai jure zafi. Kada ka yarda a cusa soson ƙarfe ko a toshe bakin: babur zai rasa ƙarfi, inji ya riƙa zafi. Bayan aikin, bakanike ya daidaita kafireta, ya duba fulogi.

Ni dai, in tsohuwar salansar kamfani tana nan, mayar da ita ya fi sauƙi, kunnenka ma ya huta.