Yadda Ake Kafa Rumfar Katako A Gida Da Taimakon Wayar Hannu

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Bichi, da wuya a shiga gidan da babu rumfa a tsakar gida ko a ƙofar zaure. Matsalar ita ce da yawa ba sa wuce damina biyu, ko gara ta cinye gindin dirkokin, ko iskar farkon damina ta kwantar da su. Yawanci tun daga awo ake samun kuskuren, kuma wayar hannu za ta iya gyara shi.

1. Alƙibla

A buɗe manhajar Compass, a juya wayar a iska kamar ana rubuta 8 don ta daidaita, nesa da kwano ko babur, domin ƙarfe na rikita ta. Wasu ƙananan wayoyi ba su da na'urar gane arewa. Masu irin su sai su duba mafitar rana. Hadari a ƙasar Kano daga gabas yake tasowa, rana mai zafi kuma daga yamma take dukan mutum da la'asar. Saboda haka a miƙe tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma, a rufe ɓangarorin biyu da zana ko asabari.

2. Kusurwa

Rumfa mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ta fi sauƙin awo. A kafa turaku huɗu, a ja igiya daga wata kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace. In ta ba da mita 5 cif ta kowane ɓangare, awo ya yi daidai. In girman ya bambanta, kalkuletar waya za ta fitar da lissafin: 3×3 da 4×4 sun haɗa 25, tushensa kuwa 5.

3. Dirkoki

Ana buƙatar dirka shida masu tsawon mita 3. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, a shafe gindin kowace da maganin gara, sannan a zuba kankare. Kafin ya bushe, a jingina wayar a jikin dirkar ta fuska biyu. A iPhone ma'aunin daidaito yana cikin manhajar Measure, a Android kuma ana sauke Bubble Level daga Play Store. A cire rigar wayar tukuna, don tana karkatar da awon.

4. Rufi

Azarar giginya ta fi farin katako jure gara, shi ya sa maginan gargajiya suka daɗe suna amfani da ita. In da kwano za a rufa, a bar gangaren santimita 10 a kowace mita don ruwa ya zube. A ƙara gajerun katakai a gicciye tsakanin dirka da azara, a ɗaure da wayar ƙarfe bayan ƙusa.

Waya ba ta ganin garar da ke cikin itace. Kafin a biya kuɗin katako, a tafi da kafinta ya ƙwanƙwasa ya ji.