Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Jera Ofisoshin Lauyoyi

Wani mai sauraronmu daga Magami, jihar Zamfara, yana tambaya: ta yaya 'yan kasuwar Japan suke gane ofishin lauyoyin da ya fi ƙwarewa a duniya?

To Malam, mun gode. Akwai kamfanoni biyu a Landan, Chambers and Partners da Legal 500, masu fitar da jadawalin ofisoshin lauyoyi duk shekara. Sukan duba ayyukan da ofishi ya kammala, su kuma tuntuɓi waɗanda aka yi wa aikin. Chambers yana raba ofisoshin rukuni-rukuni, na 1 shi ne ƙololuwa. Kowane fanni da jadawalinsa: harkar banki, sayen kamfanoni, haraji, sasanta rikicin ciniki. Gwani a haraji yana iya zama baya a shari'ar jiragen ruwa. A Japan, Nishimura & Asahi yana cikin manyan ofisoshin lauyoyi huɗu na ƙasar.

A Najeriya kuwa, tun 1975 ake ba fitattun lauyoyi muƙamin SAN. Shawararmu, Malam: idan rikicin gona ko yarjejeniyar cinikin hatsi ne ya kai ka Gusau, nemi lauyan da ya saba da irin wannan shari'ar, ka tambayi waɗanda ya taɓa tsaya wa.