Wane Mataki Ya Dace? Kwatanta Kayan Ƙara Wa Injin Babur Ɗin Doguwar Tafiya Ƙarfi

Babur ɗin doguwar tafiya irin su Street Glide da Road Glide na kamfanin Harley-Davidson ya haura kilo 350 tun kafin a ɗora masa fasinja da kaya. Shi ya sa masu shi kan nemi ƙarin ƙarfi, musamman don hawan tudu da wuce manyan motoci. Kamfanin yana sayar da kayan ƙarin da sunan Screamin' Eagle, a matakai huɗu, don injin Milwaukee-Eight da ya fito a 2016.

Mataki na ɗaya numfashi ne. Ana sauya matatar iska da salansa, sannan a sake saita kwamfutar injin. Saitin nan wajibi ne, domin idan iska ta ƙaru ba a ƙara mai daidai da ita ba, injin zai riƙa zafi fiye da kima. Wannan ne mafi araha, kuma ba a buɗe cikin injin.

Mataki na biyu shi ne sauya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su. Iri biyu ne. Na farko yana rufe bawul ɗin shigar iska da wuri, sai babur ya samu ƙarfin ja tun injin bai ɗau gudu ba. Na biyu yana barinsa a buɗe na ɗan lokaci, ƙarfinsa kuma sai injin ya yi sama yake fitowa. Da yake a babbar hanya injin yakan tsaya wajen juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, na farkon ya fi amfanar matafiyi.

Mataki na uku yana faɗaɗa injin da manyan silinda da fistan, misali daga 107 (cc 1,745) zuwa 114 (cc 1,868). Matsi yana ƙaruwa, don haka sai an riƙa shan fetur mai ingancin oktan, in ba haka ba injin ya fara ƙwanƙwasa.

Mataki na huɗu ya haɗa da sababbin kawunan silinda, babbar ƙofar totur da manyan injekta, har injin ya kai 131 (cc 2,147). Tsadarsa ta fi ta kowanne, kuma kulochi sai an ƙarfafa shi.

Akwai kuma wasu kamfanoni: S&S Cycle na yin kamshaf da silinda, Vance & Hines salansa, Dynojet na'urar saiti. Sai dai a kula da garanti da doka. A 2016 Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda na'urorin saiti da ke ƙara hayaƙi fiye da yadda doka ta yarda. Saka kayan da kamfanin bai amince da su ba na iya soke garantin injin.

Wajen kwatantawa, kada a ruɗu da lambar ƙarfin doki da ke jikin talla. A nemi takardar gwajin daino, a duba ƙarfin ja a juyin da ake tafiya da shi kullum, a kuma lissafa kuɗin bakanike. Ga mai ɗaukar fasinja da kaya, mataki na biyu mai kamshaf ɗin ja yakan wadatar, sauran kuɗin kuma gara a kashe su a birki da tayoyi.