Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake horar da injin sabuwar mota?

TAMBAYA: Yayana ya sayi sabuwar mota dal, irin masu ƙarfin gudun nan, an kawo ta Jalingo a kan tirela. Bakanikenmu ya ce a riƙa barin ta a sulo awa biyu ko uku kullum har mako guda, kuma kada a wuce gudun 60. Abokansa kuma sun ce a hau hanyar Wukari a take totur har ƙasa don inji ya buɗe. Wa za mu bi? Sannan muna da biki a Gembu ƙarshen wata, ko za mu iya tafiya da ita? Daga wani mai karatu a Mayo Gwoi, Jalingo.

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Na ji daɗin wannan tambaya. Abin da kake son sani shi ne ko sabon inji lallaɓawa yake so ko matsi, kuma amsar ita ce kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Bari mu leƙa cikin injin tukuna. Akwai silinda, wato ramin ƙarfe mai kamar gwangwani, a cikinta kuma fistin yake hawa yana sauka. A jikin fistin akwai wasu siraran zobba, waɗanda makanikai ke kira ringi. Aikinsu biyu ne: su hana ƙarfin wutar fetur zurarewa ƙasa, su kuma hana baƙin mai hawowa sama ya ƙone. A masana'anta ba a barin bangon silinda sumul kamar madubi. Da gangan ake yi masa ƙananan zane a gicciye, waɗanda da ƙyar ido ke gani, domin su riƙe mai, kuma ringi ya goga a kansu har su daidaita da juna.

Idan ka taɓa ganin sabon dutsen niƙa, ka fahimci maganar. Dutsen da ɗansa ba sa zama daram sai an yi ta niƙa, garin farko ma da tsakuwa yake fita. To, haka ringi da silinda suke a kilomita dubu ko dubu biyu na farko. Wannan zaman shi ake nufi da horar da inji.

Ga inda shawarar sulo take da rauni. Ƙarfin ringi shi kaɗai bai isa ya manna shi da bango yadda ake so ba. Matsin wutar da ke tashi in an taka totur shi ke shiga bayan ringi ya tura shi waje. A sulo wannan matsi kaɗan ne, sai ringi ya yi ta shafar bango maimakon ya goge shi, har bangon ya iya yin santsi tun ba su daidaita ba. Injin da ya taso a haka shi ne za ka ji yana shan baƙin mai tun yana da ƙuruciyarsa. Bakaniken naku ba mugunta ya yi ba, tsoron ɓarna ne, kuma tsoronsa yana da tushe. A zamanin da ake haɗa Fijo 504 a Kaduna, aikin ƙarfe bai kai na yau laushi ba, don haka duk wanda ya koyi sana'a a hannun mutanen wancan lokaci ya gaji taka-tsantsan mai yawa.

Abokan yayanka kuwa sun yi daidai da suka ce inji yana son aiki, sai dai sun zarce. Ƙarafan da ba su gama sabawa da juna ba sun fi saurin ɗaukar zafi. Idan aka kai allurar juyin inji ja aka riƙe ta can, zafin na iya karce bangon silinda, kuma karcen ba ya gogewa.

Masu ƙera motocin sun rubuta abin da suke so ƙarara. BMW, a motocinta masu tambarin M, tana cewa a kilomita 2,000 na farko a kiyaye iyakar juyin inji da ta gudu, sannan a kai motar a yi mata juye na musamman. Porsche ta fi tsawaitawa, wajen kilomita 3,000. Chevrolet ta Amurka ma ba ta tsaya ga roƙon direba ba: a Corvette ɗin da ta fito a 2020, kwamfutar motar da kanta ke rage ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu har sai an ci kilomita 800. Toyota kuma ta saba cewa a guji taka birki da ƙarfi a kilomita 300 na farko, kada a ja wata mota ko tirela kafin 800, kuma kada a daɗe a kan gudu guda. Saboda haka abu na farko, ku buɗe ɗan akwatin gaban mota ku ciro littafinta. Lambar da ke ciki ta fi tawa, ta fi ta gareji.

Wannan jan kunne na ƙarshe, kada a daɗe a kan gudu guda, shi mutane suka fi mantawa. Allurar da za ku sa wa ido ba ta gudu ba ce, ɗayar ce, mai lambobi daga 1 zuwa 7 ko 8, wadda ke nuna sau dubu nawa inji ke juyawa a minti. Ku bar ta tana yawo tsakanin 2 da 4. A taka totur zuwa rabi, mota ta ja na ɗan lokaci, a ɗaga ƙafa ta rage da kanta tana cikin giya, a sake takawa. Takawar tana manna ringi, ɗaga ƙafar kuma tana janyo mai ya wanke bango ya sanyaya shi. Shi ya sa hanyar Zing, mai hawa da gangara da kwana, ta fi amfani gare ku a kan miƙaƙƙiyar tafiya zuwa Mutum Biyu da ƙafa a wuri ɗaya. Idan motar tana da na'urar riƙe gudu da kanta, a bar ta ta huta tukuna.

Da safe minti ɗaya ya isa bayan an tayar, sai a tashi a hankali har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Zirga-zirgar daga gida zuwa Hammaruwa Way a kashe, a sake tayarwa a kashe, ba ta barin mai ya yi ɗumi. Gara fita ɗaya ta minti arba'in.

Sai batun Gembu. Daga Jalingo zuwa Bali da Serti ba ni da damuwa sosai, in ban da ramuka. Inda hankalina yake shi ne daga Mayo Selbe, inda ake fara hawan tsaunin Mambila zuwa Maisamari. Hawa ne mai tsawo da kwana-kwana, ga motar biki ba ta tafiya sai cike da mutane da kaya. Babban abin gudu a nan shi ne a bar mota a babbar giya tana nishi, totur a ƙasa, allura a ƙasa. Wannan ya fi gudu cutar da sabon inji. A sauko giya, inji ya juya cikin sauƙi. A dawowa ma giyar ce za ta riƙe motar, domin birkin shi ma sabo ne, bai gama kama faifansa ba, tayoyin ma haka. Idan injin mai turbo ne, wato ɗan fankan da hayaƙin salansa ke juyawa don cusa iska, in an iso sama a bar shi a sulo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don ya huce. Ka ga sulo ma yana da ranarsa.

Ra'ayina shi ne, in kun ci kilomita dubu kafin ranar, ku tafi da ita, kayan biki kuma a zuba a wata motar. In ba ku ci ba, ku ari Hilux, dama hanyar ta fi dacewa da ita fiye da mota mai ƙasa-ƙasan ciki.

Duk mako a zaro sandar awon mai a duba, a wuri mai daidai, inji a kashe. Ko ya ɗan ragu kada gabanku ya faɗi, sabon inji yakan sha kaɗan kafin ringi ya zauna. Juyen farko a yi shi a kan lokaci, da irin man da littafi ya ambata da sabuwar filta, domin shi ke fitar da garin ƙarfen nan, tsakuwar niƙan farko. In ƙurar hunturu ta kama ku, a leƙa filtar iska ma. Duk wannan bayani ya hau kan wanda aka sauke wa inji aka sa sabon ringi, da mai sabon Keke Napep, don haka ka isar wa maƙwabta. Bayan an cika adadin kilomitan da littafi ya faɗa, a riƙa ƙara wa allurar juyin inji dubu ɗaya-ɗaya cikin 'yan kwanaki. A gaishe mini da yayanka.